Abin da Baba Tanuf Ya Kawo a Kwando

Yaya Shaiha, ki ajiye duk abin da ke hannunki ki samu wuri ki zauna, don labarin nan ba a jinsa a tsaye. Na so in kira ki, amma kin san sabis ɗinmu na nan tsibirin Sukutra, sai an hau tudu an juya wa teku baya, kafin in kai rabin magana kuma ya ɗauke. Ke kina can Mukalla kin manta da wannan wahalar. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Wafa ta yi barci, ina da ɗan sarari.

Kin tuna na gaya miki mijina Jum'an zai tafi Salala, can ƙetaren teku? Kawunsa ya samo masa aikin gini a can, shekara biyu ba zuwa gida. Kifi bai yi ba bana, injin jirgi kuma ba ya san an kama ko ba a kama ba, mansa kawai yake sha. Wafa watanta biyar. Da na ji shekara biyu, abin da ya fara zuwa raina shi ne zai dawo ya miƙa mata hannu, ita kuma ta gudu ta ɓuya a bayana don ba ta san shi ba.

Ana saura mako biyu ya tafi, sai ga wani mutumin Hadibo, babban garin tsibirin nan, Ustaz Wajdi, mai kawo Turawa kallon tsibiri. Ya ce yana da baƙi huɗu masu kallon tsuntsaye, za su kafa tanti a bakin ruwanmu kwana biyar, yana neman mai jirgi wanda ya san gindin duwatsun nan. Idan baƙin suka ji daɗi, zai riƙe Jum'an har lokacin da iska za ta rufe teku, baɗi ma haka. Kin ga ba zancen Salala ke nan. Amma ya ɗaga yatsa ya ce, "Sharaɗina ɗaya ne. Ba a taɓa tsuntsu, ba a taɓa ƙwai, ba a taɓa kunkuru. Bara na sallami wani a kan ƙwan kunkuru guda shida, kuma ɗan'uwan matata ne. Daga kai har mutanen gidanka, kun ji?"

Jum'an ya ce an ji. Ni ma daga bayan ƙofa na ce an ji.

Wanda bai ji ba shi ne surukina, Baba Tanuf. Ba ki san shi sosai ba, ranar bikina kawai kika gan shi. Ya haura saba'in, siriri kamar sandar kamun kifi, kuma tun yana yaro aikinsa sauka jikin dutse da igiya ya ɗebo tsuntsun rami. Kin san tsuntsun ai, wannan baƙin tsuntsun teku da ke ajiye ɗansa a ramukan dutse, wanda Inna ke ba mu labarin da kitsensa suka rayu a shekarun yunwa. Jum'an ya hana Baba sauka tun shekara uku da suka wuce, ya ce ƙafarsa ba kamar da ba.

Baƙi suka iso. Ni ce mai girki, shinkafa da kifi, gurasa da shayi da safe, dabino kullum a faranti. Ranar farko na yi ta fama da ungulaye, ina korarsu da tsintsiya kada baƙi su ce mu ƙazamai ne. Ashe na yi laifi! Babbarsu, wata tsohuwa mai farin gashi da ake ce wa Dakta Ilona, ta taso da gudu tana ɗaga hannu, wai in bari. Yaya, ungulu! Ungulun da ke bin bayan ɗakin girki! Ta kwanta rub da ciki a yashi tana ɗaukarsu hoto kamar wasu amare. Ustaz Wajdi ya ce a ƙasar matar sai mutum ya yi tafiyar kwana biyu bai ga ko ɗaya ba. Na ce to a ba ta goma ta tafi da su.

Kullum da sassafe Jum'an ya ɗebe su a jirgi, sai azahar su dawo. Sun ga kunkuru, sun ga kifayen nan masu tsalle a gaban jirgi, sun ga tsuntsaye har sun gaji da rubutu. Amma tsohuwar ba ta gamsu ba. Ta buɗe mana wani littafi ta ɗora yatsa a kan hoto, sai ga tsuntsun rami. Wai dominsa ta zo. Wai shekara ashirin tana son ta gan shi kusa, tun mijinta na da rai suke shirin zuwa tare. Kwana huɗu suna yawo a teku da madubin hangen nesa, abin da suka gani ɗan baƙin ɗigo ne can nesa, ya gifta sau ɗaya ya ɓace.

Baba Tanuf yana zaune a inuwar tsohon jirgi duk kwanakin nan yana kallonsu. Ran na huɗu da suka sauko, ya kira ɗansa.

"Jum'an, zo nan. Mutum huɗu, manya, da kaya cike da jirgi. Ko gashin tsuntsu ba su kawo ba?"

"Baba, ba kamawa suke ba. Kallo kawai."

"Kallo."

"Kallo, Baba."

"Mace ta bar ƙasarta, ta hau jirgin sama uku, rana ta dafa mata hanci ya yi ja kamar naman kifi, wai don kallo? Kai yaro ne. Kunya ce ta hana ta faɗa. Baƙo ai ba ya buɗe baki ya ce ga abin da yake marmari, mai gida ne ke da ido."

"Don Allah Baba, ka bar maganar nan."

"Na bari," in ji shi. Ni da na ji yadda ya faɗi "na bari" ɗin da sauri haka, ya kamata in gane. Amma Wafa na kuka, kifi na kan wuta, ban tsaya tunani ba.

Ran na biyar, wato jiya, suka fita na ƙarshe bayan asuba. Na goya Wafa na je tatsar awaki. Ina dawowa na kai wa Baba madararsa, ɗaki wayam. Na ce ko yana masallaci. Sai idona ya kai kan turken da igiyarsa ke rataye shekara uku. Babu igiya.

Yaya, ƙoƙon madarar a ƙasa na tsince shi.

Hantsi ya yi sosai sai ga shi tafe, ƙwaurinsa duk ƙurjewa, gwiwa na jini, igiya a kafaɗa, kwandon kaba a hannu, yana murmushi har ana ganin haƙorinsa uku da suka rage.

"Uwar Wafa, ɗora babbar tukunya. Yau za a san gidan nan akwai maza."

Na ɗaga murfin kwandon. Biyu ne. 'Ya'ya ne, sun yi ƙiba, gashin manya ya kusa gama fito musu, sauran na jarirai yana nan a wuya kamar auduga. Ɗaya ya kalle ni ya buɗe baki. Suna da rai.

Na durƙusa. Na ce, "Baba, don girman Allah ka mayar da su. Idan Ustaz Wajdi ya gani, aikin Jum'an ya ƙare. Salala zai tafi, Baba. Shekara biyu."

"Wane Wajdi? Wannan mai wandon Turawan? Kakansa a hannun ubana ya ci tsuntsun nan, har yana lasar yatsa. Ke dai wanke shinkafa."

"To yanzu yanka su za ka yi?"

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "Yanzu? Baƙuwa ba ta gani ba? A gidanku haka ake yi?"

Kin san al'adarmu, abin da za a yanka wa baƙo sai an kawo shi gabansa da rai, an shafa bayansa an yi addu'a, ya gani da idonsa cewa lafiyayye aka zaɓa masa. Ban taɓa gode wa Allah a kan wannan al'adar ba sai jiya.

Na yi tunanin in sace kwandon in sake su. To ba su iya tashi ba, kuma ga ungulaye a kan katanga suna leƙe. Na yi tunanin in mayar da su da kaina. Da goyo? Dutsen da ko leƙa shi na yi sai kaina ya juya? Kuma ramuka sun fi ɗari, wa ya san na wa ne? A teku babu sabis balle in kira Jum'an. Abin da na iya kawai, na jiƙa mayafi na rufe kwandon, na sa a inuwa, na zauna ina gadi ina karanta duk addu'ar da na haddace. Shinkafa ta kama, ban ma ji ƙauri ba.

Da na hango jirgi na ce bari in riga kowa zuwa bakin ruwa in raɗa wa Jum'an. Na shiga ɗaki ɗaukar Wafa, fitowar da zan yi babu kwando. Tsohon nan ya riga ni! Na iske shi tsaye a bakin ruwa cikin kayansa na Juma'a, rawani a naɗe, wuƙa a ƙugu, maza biyar na gari a bayansa don su shaida.

Baƙi suka sauko a gajiye, da gani yau ma ba a dace ba. Baba ya taka gaban Dakta Ilona, ya tsuguna, ya ciro tsuntsu ɗaya da hannu biyu, ya shafa bayansa ya fara addu'a, mazan suna amin.

Na kalli Jum'an. Igiyar jirgi na hannunsa, ya ƙame kamar an dasa shi. Na kalli Ustaz Wajdi, jijiyar wuyansa ta tashi.

Ita kuwa tsohuwar, sai ta durƙusa. Ta cire hula. Ta kawo fuskarta dab da tsuntsun tana wata magana ƙasa-ƙasa da yarensu, hawaye na bin kumatunta. Baba ya waiwayo ya kalli ɗansa, ya ɗaga gira, wato ka gani ko?

Sai ya zaro wuƙa.

Ihun da matar nan ta yi, awakin da ke tudu sai da suka watse.

Ustaz Wajdi ya matso kusa da Jum'an, ya yi magana ta cikin haƙora. "Me na ce maka ranar farko?"

"Ustaz, wallahi ban sani ba."

"Na ce kai da mutanen gidanka. Wannan ba ubanka ba ne?"

Baba bai ma san ana yi ba. Ya ce, "Kai mai wando, tambaye ta, gasasshe take so ko a cikin shinkafa?"

Ustaz ya ƙi fassarawa. Tsohuwar ta matsa masa, ya faɗa mata. Ta girgiza kai da ƙarfi, ta nuna dutse, ta haɗa hannu biyu tana roƙo. Ustaz ya ce, "Ta ce a mayar da su inda aka ɗauko, yanzu, kafin iyayensu su dawo."

Murmushin Baba ya ɗauke. A gaban maza biyar, baƙuwa ta mayar masa da kyautarsa. Kin san abin da wannan ke nufi a wurinmu. Ya miƙe a hankali ya ce, "Na rataya a igiya da tsufana don in fita kunyarta. Idan ta raina abin hannuna, shi ke nan. Ni ban raina ba. Zan ci abina." Ya mayar da tsuntsun kwando ya rungume.

Jum'an ya ce, "Baba..." Baba ya ce, "Rufe mini baki." Ustaz ya juya ya fara ce wa baƙi su haɗa kaya. Na ga Salala ƙiri-ƙiri a gabana, Yaya. Har ƙurar simintin na gani a gashin mijina.

Jakar tsohuwar ta faɗi lokacin da ta durƙusa, kayanta sun zube a yashi. Na sunkuya ina tattara mata, don hannuna ya samu abin yi kada in fashe da kuka. Sai na ɗauko wani zare da aka jera wa ƙananan zobba na ƙarfe, kowanne da lamba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe a tsakiyar maza ba.

"Ustaz, wannan na mene ne?"

Ya ce a fusace, "A ƙafar tsuntsu take sa musu, don a gane shi duk inda ya je. Ba lokacin tambaya ba ne, Muzna."

"Shaida ke nan? Kamar yadda muke tsaga kunnen akuya?"

"Kamar haka."

Ban san daga ina dabarar ta zo ba, Allah ne kawai. Na kwance goyo na riƙe Wafa a gaba, na je na tsuguna gaban Baba.

"Baba, in yi tambaya?"

"Ke kuma da me kika zo?"

"Tsuntsayen nan, da ka yi addu'a ka miƙa, sun zama na baƙuwa ko?"

"Da ta karɓa."

"Ai ba ƙi ta yi ba, Baba. Ita ma kunya ce. Kwana biyar tana cin abincin gidan nan, ga jaririya a gida, ba ta da akuyar da za ta ba ta. Yanzu ta samu dabba biyu. So take ta ba Wafa, ta sa musu shaidarta."

Na juya na kalli Ustaz da idon roƙo. Can sai ya juya ya yi wa tsohuwar magana mai tsawo. Ta kalle ni, ta kalli Wafa, ta shiga gyaɗa kai kamar wuyanta zai cire.

Na ce, "Ka gani, Baba? Kuma dabbar jariri ba a yanka ta sai ya girma ya ce a yanka da bakinsa. Inda ta saba kiwo ake mayar da ita. Ko ba haka kuka koya mana ba?"

Wani tsoho cikin masu shaida ya ce, "Haka ne kam, Tanuf. Dabbar yaro amana ce."

Baba ya daɗe yana kallona. Ya kalli jikarsa, ita kuma ta kama gemunsa ta ja. Ya ce, "'Yar nan, wa ya ce miki ban san wayo ba? Ina ganinki sarai." Ya yi tsaki. Sannan ya tura kwandon gaban tsohuwar. "A ce mata ta sa shaidar da kyau. Dukiyar jikata ce."

Ta sa musu zobban da wani ɗan awartaki, sauran baƙin suna ta ɗaukar hoto. Ta auna fiffike, ta auna baki, ta rubuta. Baba ya karɓi ƙafar ya jujjuya zoben ya ga ba ya matsewa, ya ce ba laifi, ta iya. Sai ya juya ga mazan gari ya ce duk wanda ya taɓa tsuntsu mai ƙarfe a ƙafa, da shi yake. Ɗaya ya ce, "To Tanuf, hannu a cikin rami yana ganin ƙafa ne?" Baba ya ce, "Sai ku bar wannan gefen dutsen gaba ɗaya. Makiyayar Wafa ce."

Saura mayarwa. Jum'an ya ce shi zai sauka. Baba ya ce, "Wane rami? Kai da ba ka san ramin hancinka ba. Idan ka sa ɗan wani a ɗakin wani, uwar ta ƙi shi, ka kashe shi ke nan. Riƙe igiya." Muka hau dutsen gaba ɗaya da la'asar. Maza shida a kan igiya ɗaya saboda tsoho guda da bai kai nauyin buhun shinkafa ba. Ni ban iya kallo ba, na juya baya na rungume Wafa, ina jin igiya na gurzar dutse. Dakta Ilona ta kwanta a bakin dutsen da madubinta, Ustaz na riƙe da ƙafarta. Can muka ji muryarsa daga ƙasa: "Ɗaya!" Aka daɗe, har na fara salati da ƙarfi. "Biyu! Ku ja, ragwaye!"

Da kan Baba ya ɓullo, tsohuwar ta kama hannunsa ta sumbata. Ya fizge yana "A'uzubillahi," amma na ga kunnuwansa sun yi ja.

Da muka dawo na dafa wata shinkafar, na kai wa Ustaz Wajdi, na koma bayan ƙofa na kasa kunne. Ya ci, ya sha shayi, ya sake shan wani, ni kuwa kamar in fito in girgiza shi. Sai can ya ajiye kofi.

"Jum'an, da wuƙar nan ta taɓa wuyan tsuntsun nan, da ko gaisuwata ba za ka sake samu ba."

"Na sani, Ustaz."

"Dakta ta ce za ta dawo da ɗalibanta su ƙirga ramukan dutsen nan. Ta ce ba ta shiga jirgin kowa sai naka, kuma tana son tsohon ya zauna a sama ya riƙa nuna musu da sanda. A sama na ce, Baba, ba a igiya ba."

Baba ya ce, "In ba ni a igiya, sai dai ɗaliban su faɗo."

"Ranar Asabar ina da wasu baƙin, mutum shida. Ka duba injinka."

Yaya, guɗa ta kuɓuce mini daga bayan ƙofa. Ustaz ya ce, "Wannan mai guɗar, a ba ta igiyar ta ɓoye inda ita kaɗai ta sani." Kowa ya yi dariya ban da Baba.

Yau da safe baƙin suka tafi. Suna wucewa Jum'an ya hau tudu ya kira kawunsa, ya ba shi haƙuri ya ce a ba wani aikin. Kawun ya yi faɗa, ya ce zama a tsibiri ba ya kai mutum ko'ina, Jum'an ya ce to, to, har sabis ya ɗauke.

Ki gaya wa Inna idan kun yi waya, ki ce mata ta daina kukan da take yi mini. Yanzu haka da nake rubutun nan Jum'an yana tsakar gida ya baje injin a kan tabarma, hannunsa duk baƙin mai. Wafa ta farka, ina jin ta. Ya ce kada in tashi, zai wanke hannu ya ɗauke ta.